Kawu da Makullin Ɗakin Ordinater

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a gidansa na unguwar Yantala a Yamai, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma, wannan ba mu da ja a kai. Kafin azahar lungun ya cika, har mai kantin bakin titi ya rufe ya fito da bencinansa. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna shigowa suna ce wa Inna, matar Kawu, "Fonda tilas," wato gaisuwar ta'aziyyarsu, ita kuma tana amsawa da kai, don muryarta ta riga ta dishe. Dangi na Tawa suka kamo hanya, sai washegari suka iso.

Abin da ban yi zato ba shi ne tsofaffin ɗalibansa. Na san ya koyar da mutane da yawa, amma ban taɓa ganin su wuri guda ba. Ga masu furfura, ga wani da sanda, ga tsohon soja, ga likitan dabbobi, ga wata dattijuwa mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, wadda ta bar tirenta ta zo da man gyaɗa a hannu. Babu mai kiran sunansa. Kowa "Mushe" yake cewa, yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, kamar shi kaɗai ne malami a Yamai. Tsohon sojan ya zauna a bakin tabarma yana share hawaye da rawani, yana cewa shi ne mutum na farko da ya bar shi ya murɗa tele, wato talabijin, da hannunsa. Tsohon direktan makarantar da na taɓa aiki ma ya zo. Ya yi wa Inna gaisuwa, ya nemi wuri can nesa, bai bari mun haɗa ido ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, limamin unguwa ya yi addu'a, sannan ya ce, "Wannan bawan Allah bai taɓa cutar da kowa ba." Jama'a suka amsa, "Gaskiya ne." Ina cikin mata a bayan zana, ban amsa ba. Ni dama ba a san ni da iya haɗiye magana ba, duk gidanmu an shaida. Kawu ya taɓa ja mini asara, kuma shi da bakinsa ya faɗa. Idan aka bar shi a kan "bai taɓa cutar da kowa ba," nan da shekara biyar an manta da shi, saboda abin da ake faɗa ke nan a kan kowane mamaci. Ni ina so a tuna da shi yadda yake, shi ya sa na ɗauki biro.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ina da shekara bakwai ya je Tawa ya ɗauko ni, ya ce da mahaifina yarinyar nan tana da baki, a ba shi ita ya sa ta lakwal kafin ta rushe musu gida da surutu. A hannunsa na girma. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, kuma har ya ajiye aiki ba a raba aljihunsa da guntun alli. Inna ta yi shekara arba'in tana faɗa a kan allin nan duk ranar wanki, bai daina ba. Duk yaron da ya shigo gidan, namu ko na maƙwabta, sai ya tare shi da tambaya ɗaya da harshensa na Tawa: "Mi ka koya yau?" Idan ka faɗa, sai ya ce, "Nuna mini." Dole ka durƙusa ka rubuta a ƙasa da yatsa. Yara da yawa sun koyi zagayawa ta ƙofar baya saboda shi.

Faɗansu da Inna wanda ba ya ƙarewa a kan kwanukan jerenta ne. Tana da su a kabad mai gilashi tun na aurenta, tana goge su duk Juma'a, ba a taɓa cin ko loma ɗaya a cikinsu ba. Kawu ya bari sai ta fita unguwa, ya buɗe kabad, ya zaɓi wanda ya fi kyau ya dama fura a ciki. Ta dawo ta tarar, ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya ce, "Wanda ya ƙera shi don a sha fura ya ƙera shi, ki tambaye shi." Ta ce ai sai ya je ya auri maƙerin. Haka suke yi, mu kuma muna dariya a ɓoye.

Ya fara aiki zamanin da ake koyar da yara da tele. Ƴan yanzu ba su yarda idan na faɗa musu, amma an yi. Akwati ne a gaban aji da batir a ƙarƙashinsa, darasi yana fitowa a lokacin da aka tsara, yara suna kallo suna maimaitawa, malami kuma yana riƙe da takardar da ta gaya masa abin da zai yi. Malamai da yawa sun ji haushin abin, suna cewa an mai da su masu gadin akwati. Kawu ya so shi sosai. Yakan ce yaron da bai taɓa fita Yantala ba ya ga teku, ya ga jirgin ƙasa yana tafiya, ya ji faransanci daga bakin wanda ya iya shi, ba irin nasa mai ƙamshin Tawa ba. Sai dai yana da tsarinsa. Kafin ya kunna, sai ya gaya wa yara abin da za su nema da idonsu. Bayan an kashe, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da suka gani. Daga nan kowa ya ɗauki allonsa ya rubuta. Kuma kullum yaro ne ke murɗa maɓallin, yau wannan gobe wancan, ko da yake an ce kada yara su kusanci akwatin. "Yaro na ganin tele," in ji shi, "tele ba ta ganin yaro. Kai malami kai ne idonta."

A shekarar babban fari, wadda a cikinta sojoji suka fara karɓar mulki, mutanen arewa suka zubo bayan gari bayan dabbobinsu sun ƙare. Aka sa wasu daga cikin ƴaƴansu a ajinsa. Wata safiya darasin tele ya zo a kan sunayen abinci. An ɗauki hoton tun lokacin wadata: mace tana zuba shinkafa, tana kwarara miya, tana ɗora nama. Kawu ya ce shi bai kalli akwatin ba, fuskokin yaran ya kalla, ya ga babu mai maimaita komai, sai haɗiyar miyau. Ya tashi ya kashe, abin da doka ta hana, ya fitar da su gindin bishiya suka yi lissafi da tsakuwa. Da ansifekta, mai duba makarantu, ya zo, shi da kansa ya gaya masa. Aka ba shi takardar gargaɗi, ya ajiye ta cikin akwatinsa tare da takardun haihuwar ƴaƴansa, yana nuna wa baƙi idan hira ta yi daɗi.

Ni ma malama na zama, don a gidan Kawu ba a san da wani aiki ba. Amma ƴar kwantiragi ce ni. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. Kana shiga aji kamar kowa, kana shan alli kamar kowa, amma ba ka da matirikil, wato lambar da ke mai da mutum cikakken ma'aikacin gwamnati. Ba ka da ita, ana iya ɗaga ka ko a sallame ka da takarda guda. Shekara bakwai ina jira a wata makarantar firamare a unguwar Banifandu. A shekara ta takwas aka ce sunana ya hau jerin waɗanda za a ba. Abu ɗaya ya rage, rahoton direkta a ƙarshen shekara.

Shekarar ce damina ta sake ƙi, sojoji kuma suka sake karɓar mulki. Kawu, wanda a lokacin ya daɗe da ajiye aiki, ya saurari rediyo ya ce shi kam ya taɓa ganin wannan tafiyar. Gidajen Banifandu suka cika da dangi daga ƙauye, ajina da ke da yara sittin ya haura tamanin. Ana cikin haka wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu ordinater, wato kwamfuta, goma sha biyu. Aka yi biki, aka yi jawabi, aka sha lemo. Da baƙi suka tafi, Direkta ya ja ƙofar ɗakin ya sa kwado. Matarsa ta ɗinka wa kowace na'ura riga mai leshi a baki. Idan manyan baƙi suka zo sai a buɗe, a ɗaga rigar ɗaya, a jera yara a bakin ƙofa su leƙa, a mayar da kwado.

Zan yi wa Direkta adalci, ko da yake na daɗe ban yi masa ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Sojoji sun ce za su bi kayan gwamnati ɗaya bayan ɗaya, ana ta jin an kira wane an tsare wane. Shi ne wanda ya sa hannu ya karɓi na'urorin, kuma saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. A ganinsa na'urar da ba a kunna ba ba ta lalacewa, kuma a nan bai yi ƙarya ba.

Wata Juma'a na je gaida Kawu, na ba shi labarin rigunan leshi don mu yi dariya. Inna ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

"Wata nawa ke nan?"

Na ce huɗu.

"Ba yaron da ya taɓa ko ɗaya?"

"Ko malami bai taɓa ba, Kawu."

Ya tambayi wane ne direktan. Da na faɗa, sai ya gyara zama. "Wanga ai ni na koya mishi riƙon alli. A ajin tele ya zauna, layi na biyu." Na ce don Allah ya bar maganar, ina da rahoto a hannun mutumin nan. Ya ce ya ji. Ranar Litinin da safe ina cikin kiran suna, sai ga shi ya sauko daga taksi da farar rigarsa ta zuwa masallaci.

Aka kira ni buron Direkta, wato ofishinsa. Na tarar Direkta, mutum mai jikoki, ya bar kujerarsa ya durƙusa a gaban Kawu.

"Mushe, ai da ka aiko, da ni na zo."

"Zauna, Direkta. Makulli na zo aro."

"Mushe, lokacin nan ba irin na da ba ne. Idan ɗaya ta lalace, ni za a kira."

"Ranar da na ce ka taso ka murɗa tele, in ta lalace wa za a kira?"

Direkta ya sunkuyar da kai. A wurinmu ɗalibi ba ya ce wa mushensa a'a, ko da ya yi furfura. Amma kuma tsoro bai san mushe ba. Sai ya jawo takarda ya rubuta layi uku, ya turo gabana. Takardar ta ce ni na nemi makullin, kuma duk abin da ya sami na'urorin a wuyana yake.

Na karanta, na dubi Kawu. Na ce, "Kawu, ka san sunana yana kan jeri."

Ya ce, "Sa hannu, ɗiyata. Ba abin da zai same ki. In wani abu ya taso, ni na tsaya miki. Babu buron ilimi a garin ga da ba a san ni ba."

Na sa hannu. Ba zan ɗora masa duka ba, don ni ma rigunan leshin nan sun ishe ni. Amma da bai faɗi maganar ƙarshen nan ba, da ban sa ba.

Wata biyar ɗakin nan yana buɗe, kuma har gobe ban yi koyarwar da ta kai ta waɗannan watanni ba. Kawu yana zuwa Talata da Alhamis, ya zauna a baya da sandarsa. Bai taɓa sa yatsa a kan ordinater ba, ya ce idonsa ya gaji, kuma ba shi aka kawo wa ba. Amma tsarin duk nasa ne. Yara tamanin, na'ura goma sha biyu, sai muka kasa su bakwai bakwai. Ya ce a fara da mata, don idan aka bar abin haka, maza uku masu ƙarfin kafaɗa za su cinye shekarar. Kowane yaro yana da lokacinsa a kujera, idan ya cika, Kawu ya buga sanda a ƙasa a canza. Kafin a kunna, in rubuta a allo abin da za a nema. Bayan an kashe, in tambaya, sannan kowa ya rubuta a kayensa, wato littafin rubutu. Idan na shagala ina kallon na'urar maimakon yara, sai in ji ya yi gyaran murya daga baya.

Ba mu da intanet. Faifai biyu ne suka zo da na'urorin, ɗaya na lissafi, ɗaya na taswira da hotuna. Da su muka bi kogin Kwara tun daga inda ya faro har inda ya faɗa teku, yara suna ihu da suka gano Yamai a bakinsa. Na lissafin kuwa ya nuna mini abin da ban sani ba. Yaran ƙauye da fari ya koro, waɗanda ba su buɗe baki a aji don tsoron a yi wa faransancinsu dariya, a gaban na'ura sai su saki jiki. Idan sun yi kuskure ba ta dariya, ba ta tsawa, sai ta sake ba su wani. Akwai wata yarinya daga arewacin Tawa da ta yi wata uku a ajina ban ji muryarta ba. Ranar da ta rubuta sunanta ya fito a gilashi, ta juyo ta ce da ni da ƙarfi, "Madam, ga ni." Kawu ya yi kamar yana gyara hula.

Kuran kuwa, wato wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Kawu ya ce wannan ba hujja ba ce. Ya sa aka tattaro kwalaye, kowane yaro ya zana madannin ordinater a kan nasa da biro, harafi bayan harafi. Ranar da babu wuta sai su ɗora kwali a cinya, ina kiran kalma suna dannawa da yatsu. Malaman sauran azuzuwa suka yi mana dariya mako guda, a mako na biyu suka fara aiko da yaransu aron kwali. Daga abin da na gani a ɗakin nan na tsaya a kan ra'ayina, kuma ban sauka ba: na'ura ba ta maye malami, malamin kirki tana ƙara masa hannu, malalaci kuma tana ba shi wurin ɓuya.

Wata Alhamis da rana wuta ta ɗauke muna tsakiyar darasi. Ƙa'idarmu ita ce a zare wayoyi nan take. Na zare goma sha ɗaya, wata uwa ta yi sallama a ƙofa tana neman ɗanta, na fita, na manta da ta ƙarshe. Wutar ta dawo da ƙarfi. Muka ji ƙara, ɗakin ya cika da ƙauri. Babu yaron da ya ji rauni, alhamdu lillahi, amma na'ura ta goma sha biyu ba ta sake tashi ba.

Mako uku bayan haka masu binciken kayan gwamnati suka zo, mutum biyu da soja ɗaya. Ba su tambayi abin da yara suka koya ba, ba aikinsu ba ne. Suka ce a kunna, goma sha ɗaya suka kama, ɗaya ta ƙi. Direkta ya buɗe durowa ya miƙa musu takardata. Daga baya na ji cewa a wata makarantar da ta sami irin kyautar, sun tarar da duka goma sha biyun lafiya cikin ledarsu, har an yaba wa direktan.

Na tafi Yantala a ranar, na gaya wa Kawu. Ya ce in kwantar da hankalina. Washegari ya sa farar rigarsa ya tafi buron ansifekta. Waɗanda ya sani a can duk sun ajiye aiki ko sun rasu. Ansifektan da ke kan kujera saurayi ne da aka haifa bayan an daina ajin tele. Sakatare ya ce, "Baba, zauna a benci." Safiya uku Kawu yana zama a bencin nan tun buɗe buro har tashi. A ta uku aka ba shi minti biyar, aka saurare shi da ladabi, aka ce takarda ta riga ta wuce sama, aka rako shi har bakin ƙofa.

Aka cire sunana daga jeri. Aka ɗaga ni zuwa wata makaranta a ƙetaren kogi, bayan Lamorde, ajin zana da rufin kara, babu ko wayar wuta. Makulli ya koma aljihun Direkta, riguna suka koma kan na'urori goma sha ɗaya.

Na yi fushi, fushi na gaske. Shekara takwas na aikina suka tafi a kan maganar tsoho wanda bai san garin ya canza ba. Haka na faɗa wa mijina, haka na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Na daina zuwa Yantala. Inna ta aiko sau biyu, na ce aiki ya yi yawa. Da sallah na aika yarana su gaishe shi, ni ban je ba. Mahaifiyata ta kira daga Tawa ta ce, "Ke, mutumin da ya riƙe ki?" Na ce ai ban zage shi ba. Ta ce gara ma da na zage shi. Wata bakwai ban taka gidan da na girma a ciki ba, kuma ina jin kunyar rubuta wannan.

Wata safiya cikin zafin bazara ina rubutu a allo, sai na ga yara sun juya suna kallon ƙofa. Kawu ne tsaye a rana, rigarsa ta jiƙe da gumi. Taksi ya sauke shi a bakin kwalta, sauran tafiyar cikin yashi da ƙafa ya yi ta, mutumin da ya haura saba'in. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin zana yadda ɗalibin da ya makara ke tsayawa.

"Madam, in shigo?"

Yara suka miƙe suka gaishe shi. Na nuna masa kujerata. Ya ƙi zama. Ya tsaya a gaban allo, a gaban yara sittin, ya dube ni.

"Ɗiyata, na ce miki ba abin da zai same ki, ya same ki. Na ce na tsaya miki, ban iya ba. Na ɗauka sunana yana da nauyin da ya daɗe da rasawa, ke kika biya. Ki yafe mini."

Ban taɓa jin babba a danginmu ya faɗi haka ga wanda ya goya ba, balle a gaban yara. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Da za a maido ranar, alkawarin ne kawai ba zan yi ba. Makullin kam sai na ce ki karɓa."

Ya tsaya yana jiran amsa. Ni mai bakin da aka ɗauko daga Tawa saboda surutu, abin da ya fito mini shi ne, "Kawu, zauna, rana ta yi zafi." Na aika aka kawo masa ruwa. Ya zauna ya sha, ya saurari darasin har ƙarshe, na raka shi bakin kwalta na tsayar masa da taksi. Juma'ar da ta biyo na je Yantala, Inna ta zuba mini tuwo kamar kullum.

Matirikil ta zo bayan shekara biyar. Na kai masa takardar, ya karanta ta sau biyu, ya sa mini albarka. Yau ina da nawa buron, makarantar da nake riƙe tana da tablet a azuzuwa uku, kuma makullin ɗakinsu a hannun malamai yake, takardar ɗaukar nauyi kuwa sunana ne a kanta. Duk wannan ya gani kafin ya rasu. Abin da bai samu ba shi ne amsar tambayarsa. Mun yi shekaru muna zama a tabarma guda, muna gardamar siyasa da ta tarbiyyar yara, bai sake tayar da maganar ba, ni kuma kullum ina cewa sai wata Juma'ar. A jinyarsa ta ƙarshe na zauna kusa da shi na buɗe baki, wasu baƙi suka yi sallama, na ce bari su tafi. Da suka tafi ya yi barci. Washegari ba ya gane mutane.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa, ya sa duk harafin da wani yaro ya koya ta hannunsa ya tarar da shi a can. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba mu ikon riƙe ta yadda ya riƙe mu.

Kawu, ka tambaye ni a gaban yara sittin, na ba ka kujera da ruwa. Ga amsar, a gaban duk wanda zai karanta wannan. Na yafe maka tun kafin ka gama shan ruwan nan, girman kai ne ya riƙe mini baki. Kuma da za a maido ranar, ko ba ka yi mini alkawarin komai ba, zan sa hannu in karɓi makullin.